Babban Yatsan Joda

A layin masu sayar da baƙin mai na unguwar Bolari a Gombe, in gardama ta tashi a kan man inji, wurin Joda ake kai ta. Ba shi ne shugaban ƙungiya ba, ba kuma shi ya fi kowa jari ba. Shagonsa ma in mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya jira a waje. Abin da yake da shi babban yatsa ne. A ɗiga masa mai a kan yatsan, ya murza da manuniya, ya ɗaga ya duba a hasken rana, ya kai hanci, sannan ya yi shiru na ɗan lokaci. Abin da ya faɗa bayan shirun nan, an gama. Direbobi sukan ce Joda ya taɓa, daga nan kuma ba mai ƙara tambaya.

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan sana'a. Ya shigo Gombe yana saurayi, bayan ciwo ya share shanun gidansu, bai zo da komai ba sai halin ubansa. Uban ba ya sayen saniya sai an faɗa masa uwarta da kakarta. Joda ma ba ya ajiye galan a shago sai ya ji asalinsa. A wurinsa kuwa man inji gida biyu ne tak. Akwai minaral, wanda aka haƙo ɗanyensa daga ƙasa aka tace. Akwai sintetik, wanda a saninsa bai taɓa ganin ƙasa ba, masana ne suka haɗa shi a masana'anta tun daga tushe. Haka wani wakilin kamfani ya gaya masa shekarun baya, yana tsaye a bakin shago yana duba agogo, haka kuma Joda ya riƙe kamar karatun allo.

A yi wa yatsan adalci, ya yi aiki. Ya kama man da aka surka da kananzir. Ya kama tsohon man da aka juye daga inji aka tace da tsumma aka mayar cikin sabon galan. Sau biyu ya kori 'yan damfara daga layin. Inda yatsan ya tsaya ne ba wanda ya taɓa bincika, har mai yatsan.

Shago uku daga nasa akwai Sharfaddeen, wanda bai cika shekara da buɗewa ba. Iyayensa mutanen Kano ne da suka zauna a unguwar Dawaki ta Gombe, uban ya rasu yana ƙarami, kawunsa na Kano ya riƙe shi, shi ne kuma yake aiko masa da kaya. Mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. Kullum da safe sai ya zo ya durƙusa ya gai da Joda, yana ce masa Baffa. Cikin kayansa akwai wani mai a koren galan, an rubuta sintetik a jiki da manyan baƙaƙe, yana sayar da shi ƙasa da farashin sintetik ɗin Joda mai galan ruwan toka. Bambancin ba kaɗan ba ne. Joda ya lura, kuma abin yana yi masa ɗaci.

Wata ranar Talata da hantsi Ɗantala direba ya shigo layin yana huci, da ragowar koren galan a hannu. Bas ɗinsa mai zuwa Yola ce ta kama hayaƙi tun a hanya, ta sha mai kamar ana zuba shi a rami, kuma kwana biyar ke nan da aka yi mata juyen mai da man Sharfaddeen. Ɗantala bai ga dalilin ambaton cewa an buɗe injin nan sau uku ba, ko cewa motar ta girmi ɗansa na fari. Ya dangwara galan ɗin a gaban Joda ya ce a taɓa masa.

Kafin a buɗe murfi mutane sun taru, don a Bolari ba a buƙatar gayyata. Joda ya ɗiga, ya murza, ya ɗaga, ya shinshina. Man tsabtatacce ne, ba ƙwayar datti, ba warin kananzir. Ya yi shirunsa, a cikin shirun kuma abin da ya fi jin muryarsa shi ne farashin nan.

"Wannan asalinsa ɗanyen mai ne," in ji shi. "Daga ƙasa ya fito, aka sa masa rigar sintetik."

Sharfaddeen ya zo da gudu, ya rantse bai taɓa fasa hatimin galan ko ɗaya ba, yadda kawunsa ya aiko haka yake sayarwa. Ba wanda ya saurare shi sosai. Alhaji Jaji, shugaban ƙungiyar layin, ya sa ranar Asabar bayan la'asar a zauna. Dokar kuwa kowa ya san ta: wanda ya sayar da kaya da sunan da ba nasa ba, a rufe masa shago wata uku, a kuma kai sunansa wurin shugabannin direbobi a tasha. Rufewar ba ita ce mutuwar ba. Sunan da aka kai tasha ba ya dawowa.

Aka bar galan ɗin a hannun Joda don kada a musanya shi, shi kuma ya ɗaura shi a bayan babur ya kai gida, unguwar Hammadu Kafi. A nan Na'ima ta gan shi a bakin ƙofar ɗaki. Ita ce 'yarsa ta uku, ta karanta ilmin sinadarai a jami'a, tana aikin gwajin ruwa a wani kamfanin ruwan leda. Ta tambaya, ya ba ta labari, da ɗan alfahari. Ta ɗauki hoton galan ɗin gaba da baya, ta ce za ta nemo takardar da masu man suka fitar a kansa.

Washegari da safe yana shan kunu ta zauna a gefen tabarma, ta ce masa ya yi daidai. Man koren galan daga ɗanyen mai aka samo shi, takardar kamfanin ma ba ta ɓoye ba. Joda ya gyaɗa kai bai ko ɗago ba. Bai ga abin mamaki ba a ce rana ta fito daga gabas.

Amma ba ta tashi ba. Ta ce tushen man inji ba gida biyu ba ne, rukuni biyar ne, kuma ba da asali kaɗai ake raba su ba. Ana duba yawan sinadarin farar wuta da ya rage a ciki, da yadda aka tsarkake shi, da yadda kaurinsa yake jure zafi da sanyi. Rukuni na ɗaya da na biyu su ne minaral, na biyun ya fi tsabta. Na huɗu shi ne wanda ake ginawa daga ƙananan sinadarai, shi ne sintetik ɗin da yake nufi, ko da yake sinadaran ma daga gas ko mai ake ciro su. Na biyar tarkacen sauran ne. Rigimar tana kan na uku. Shi ɗanyen mai ne, amma a matata ana gasa shi da zafi mai tsanani da matsi, a fasa shi a sake haɗa shi, har ya fito yana aiki kusan kamar na huɗu. A ƙasashe da yawa an yarda a rubuta masa sintetik a jiki, ba a ɗauke shi ha'inci ba. Man Sharfaddeen na ukun ne, shi ya sa ya fi araha.

Joda ya ajiye ludayi. Ya ce shi bai san wannan yarda ba, ba da shi aka yi ta ba. Man shanu ko sau nawa aka soya shi, daga saniya ya fito, ba wanda zai ce masa man gyaɗa. Abin da aka haƙo daga ƙasa minaral ne.

"To, Baba," in ji Na'ima, tana kallon wayarta ba shi ba. "Na duba naka ma. Mai galan ruwan toka."

Ya jira.

"Shi ma na uku ne. Tushensu ɗaya da koren."

Shekara goma sha ɗaya yana sayar da mai galan ruwan toka. Ya rantse a kansa ba sau ɗaya ba. Ya gaya wa likitoci da malaman jami'a da masu sababbin motoci cewa wannan bai taɓa ganin ƙasa ba. Ya ce takarda tana iya ƙarya. Ta ce tana iyawa, amma kamfani ba ya yi wa kansa ƙaryar da za ta rage masa daraja. Ya tashi ya tafi kasuwa bai ƙarasa kunun ba.

Kwana biyu yana juya maganar. Ranar Juma'a da safe shi da kansa ya kira ta. Ya kawo galan uku: koren, da nasa ruwan toka, da wani minaral mai kyau da yake sayarwa, dukkansu masu kauri kusan ɗaya. Ya ce ta zuba a kofunan shayi huɗu yadda ta ga dama, ya fita tsakar gida ya juya baya. Uwar Na'ima tana daga madafa tana cewa kofunan nan dai kada su dawo mata.

Ya dawo ya durƙusa. Ya ɗiga, ya murza, ya ɗaga, ya shinshina, ya goge yatsa da tsumma tsakanin kofi da kofi. Ya nuna na farko ya ce minaral, na biyu ya ce nasa, na uku ya ce koren, na huɗu ya ce minaral. Na'ima ta juya takardar da ta rubuta jerin a kai. Wanda ya ce nasa, minaral ne. Na farko da na uku kuwa daga galan ɗaya ta zuba su, galan ruwan toka, shi ya raba su gida biyu.

Ya ce hasken bai yi kyau ba, a fita rana. Aka fita. Ya ce a sake. Aka sake har sau uku. A karo na biyu ya dace da kofi biyu, a na uku ya dace da ɗaya. Na'ima ta ce a hankali ba laifin hannunsa ba ne, ba hannun da zai iya, na'ura ake sa wa. Datti da surki hannu yana ji, rukuni kuwa ba ya ji. Joda ya zauna a kan turmi yana kallon yatsan, baƙi ne har cikin farce, sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Tsoro ya ji, ba kunya ba tukuna. Ya tuna mutanen da yatsan ya yanke wa hukunci a shekara ashirin da shida, ya kasa tantance nawa ne a cikinsu mai ya kama, nawa ne kuma zuciyarsa.

Ya yanke shawara a masallacin Juma'a, kuma shawara mai kyau. Zai je zaman da nasa galan ɗin. Zai ajiye shi kusa da koren ya ce 'yan uwa ne, abin da za a yi wa Sharfaddeen shi ma a yi masa, ko a bar su duka. Ya sa Na'ima ta bugo masa takardun biyu, ta ja layi da biro a ƙarƙashin wurin da suka yi daidai. Ta yi murna har ta kasa ɓoyewa, shi kuma ya ji daɗin ganin haka.

Ranar Asabar aka zauna a rumfar bayan masallacin layi. Mutum talatin ko fi, ga Ɗantala da direbobi biyu da suka zo rakiya. Sharfaddeen yana zaune a ƙasa a gaba, ya yi wanka ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Joda ya zauna a benci, buhun da galan ɗinsa yake ciki yana tsakanin ƙafafunsa, takardun suna aljihun gaba.

Alhaji Jaji mutum ne da ba ya son dogon zance in ba nasa ba. Ya buɗe da addu'a, sannan ya shiga yabon Joda. Ya ce layin nan ba don arha ake zuwa masa daga Kumo da Dukku da Bajoga ba, akwai arha a ko'ina. Ana zuwa ne don an san a nan akwai mutum ɗaya da ba a yi wa mai ƙarya a gabansa. Ya ce duk wanda yake zaune a rumfar nan yana cin abinci daga yatsan nan, ko ya sani ko bai sani ba. Aka yi ta gyaɗa kai. Wani dattijo ya ce Allah ya bar mana shi. Joda ya sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kunyar yabo ce.

"Malam Joda, ba za mu wahalar da kai ba," in ji Alhaji Jaji. "Kalma ɗaya muke so, tsakaninka da Allah. Man nan na koren galan, daga ɗanyen mai ya fito ko a'a?"

"Daga ɗanyen mai ya fito."

"To, an gama."

Akwai lokaci, wannan ba abin musu ba ne. Alhaji Jaji ya tsaya gyara hula, ya nemi littafin doka a jaka, ya yi tari. Mutum mai niyya zai iya cewa a dakata sau biyar a tsakanin. Joda ya kai hannu bakin buhun, ya ji sanyin galan ɗin ta cikinsa. Ya ga fuskoki talatin ɗin nan yadda za su koma in ya ce yatsan bai san bambancin ba, bai taɓa sani ba. Ba za su ji rukuni na uku ba, ba za su ji farar wuta ba. Abin da zai isa tasha kafin magariba shi ne hannun Joda ya mutu, kuma shekara goma sha ɗaya yana sayar da abin da ya ce a hukunta wani a kai. Ya janye hannun ya ɗora a gwiwa.

Aka karanta hukunci. Sharfaddeen bai yi gardama ba, ya miƙa makulli da hannu biyu. Ɗantala ya tafi yana jin an bi masa hakki, bas ɗinsa kuma ta ci gaba da hayaƙinta da man da ya sake saya. Joda ya ɗaura buhun a bayan babur yadda ya zo da shi.

A gida Na'ima ta tare shi tun a zaure. Ta kalli buhun, bakinsa a ɗaure da ƙullin da ita ta yi masa da rana. Ya ce mata tambaya ɗaya aka yi masa, ya kuma amsa ta da gaskiya, bai yi ƙarya ko ta kalma ɗaya ba. Ta ce ta sani. Ta kawo masa ruwa da abinci kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye, ta koma ɗaki. Da ta yi masa rashin kunya da ya fi masa sauƙi.

Ranar Litinin da safe, yana share bakin shago, Sharfaddeen ya zo. Joda ya gan shi tun daga nesa, ya shirya wa zagi, har ya ji yana son a zage shi. Amma Sharfaddeen durƙusawa ya yi ya gaishe shi kamar yadda ya saba. Idanunsa sun yi ja. Ya ce ya zo neman gafara ne, don ranar Talata ya ɗaga murya a gaban Baffa, har a ransa ya yi zaton hassada ce. Yanzu ya gane. Jiya ya je Kano da kansa, ya tsaya a gaban kawunsa, mutumin da ya ciyar da shi tun yana shekara shida, ya ce masa maha'inci a gaban 'ya'yansa. Kawun ya rantse, ya yi kuka, ya ɗauko wasu takardu yana cewa a karanta. Shi kuwa ya ce ba takardar da zai karanta, Joda ya taɓa. Ya ajiye masa makullin ɗakin da yake sauka a gidan ya fito, ba zai sake taka ƙofar ba.

Joda yana tsaye da tsintsiya a hannu. Kunyar da bai ji ba ranar Juma'a ta zo masa yanzu gaba ɗaya. Takardun Na'ima suna cikin shago, a ƙarƙashin kwali, taku biyu daga inda yake.

"Baffa, wata uku ina zaune ba aiki," in ji Sharfaddeen. "Ka bar ni in riƙa zuwa nan. Ba na son komai. Ka koya mini yadda ake ganewa da hannu, kada a sake cuta ta."

Ya miƙo hannun dama, babban yatsa a sama, fari tas.

Wasu masu Keke Napep biyu da suka zo sayen mai sun tsaya suna kallo, maƙwabcin shago ma ya leƙo. Joda ya jingine tsintsiya, ya shiga ciki. Ya daɗe fiye da yadda ɗauko galan yake buƙata. Da ya fito, mai ruwan toka ne a hannunsa. Ya buɗe murfin, ya kama wuyan hannun Sharfaddeen, ya ɗiga masa ɗigo ɗaya.

"Wannan shi ne na gaske," in ji shi. "Murza a hankali."